Yasar Rijiyar Gabas Kafin Ruwan Shuka

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Hamisu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina kuma roƙon Allah ya sa ka sauka Katsina lafiya, ya tsare ka a hanya da masauki, ya haɗa ka da mutanen kirki a wurin aikin da ka je koyo. Innarka ce ta sa wannan takarda a jakarka, ƙarƙashin ƙullin yajin da ta daka maka, don ta ce nan ne za ka fara dubawa.

Na zaɓi in rubuta ne saboda na san halinka da waya. In na kira ka sai ka yi ta “to Baba, to Baba” har kati ya ƙare, alhali hankalinka na wani wuri. Takarda kuwa ko ka ajiye ta yau, gobe za ka tarar da ita.

Ba labarin gida zan ba ka ba, yanzu ka baro shi. Magana ɗaya ce, kuma ka san ta: Rijiyar Gabas. Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, mai unguwa ya tara dattawa aka yanke cewa in ba a yashe ta ba kafin ruwan shuka mai zuwa, za a cike ta da ƙasa a shafe bakinta da siminti. Ban ga laifinsu ba. Ruwanta ya yi wari, tunkiyar gidan liman ta faɗa ciki da damina, ga yara kullum suna wasa a bakinta. Ni na miƙe na roƙi a ba ni zuwa bazara. Mai unguwa ya ce, “Malam Idi, mun ba ka. Amma in hadarin farko ya haɗo ba a yi ba, kada ka ƙara tayar mana da zancen.” Na ce na ji, na kuma yarda.

Da na dawo na faɗa maka, kana tsugune kana ɗaure kaya, sai ka ce, “Baba, ai zamanin rijiya ya wuce. Ni da zan je koyon haƙa burtsatse?” Ban amsa maka ba a lokacin, don raina ya ɓaci, kuma ba na so mu rabu da faɗa. Ga amsar nan yanzu. Ba wa'azi zan yi maka ba, liman ya fi ni iyawa. Zan gaya maka wuraren da ni na yi kuskure a kan rijiyar nan, don da hannuna a lalacewarta, kai kuma ka tsinci abin da zai amfane ka a sana'ar da ka zaɓa.

Kai ba ka taɓa ganin yasa ta gaske ba, saboda haka bari in fara faɗa maka yadda take. Muna samari, duk shekara in bazara ta yi tsanani, ruwa ya ja baya har guga na dawowa da laka, sai sarkin samari ya sa a yi shela. Gayya ce kamar ta noma, ba a biyan kowa. Mata su dama fura, makiyaya su kawo nono, tsofaffi su zauna a inuwa suna gyara wa kowa aiki da baki. Tun da sassafe ake fara kwashe sauran ruwan, guga na bin guga, har a hango ƙasa. Sannan a kunna fitilar ƙwai a zura ta da igiya. In ta kai ƙasa tana ci, iskar ciki lafiya take. In ta mutu, ba mai sauka, sai a ɗaure reshe mai ganye a yi ta jansa sama da ƙasa har iskar ta sauya. Daga nan mutum ɗaya ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka, yana taka ramukan da kakanninmu suka sassaƙa a jikin bango. Ya cika bokiti da laka, na sama su ja. Abin da ke fitowa kuwa sai wanda ya gani: yagaggun guga, takalma, awarwaron 'yan mata, har cokali. A ƙarshe mai yasa ya laluba da hannu ya nemo idanun ruwa, wato 'yan kafofin da ruwa ke tsattsafowa ta cikinsu, ya buɗe su da yatsa da guntun ƙarfe. In ka ji sanyi ya taɓa maka tafin hannu, to aiki ya yi. Lakar kuma a loda wa jakuna a kai gona.

Ni ne mai sauka a zamaninmu, daga baya kuma na zama sarkin samari. Shekarar da aka kafa mana famfon tuƙa-tuƙa kusa da makaranta mun yi murna har ba a magana. Innarka tana amarya lokacin, hannunta duk kanta saboda jan igiya, ta ce ita da guga sun yi sallama. Da bazara ta zo, wani dattijo ya tare ni ya ce, “Idi, ba za a yi shelar yasa ba ne?” Na ce a bari bana mu huta, ga ruwa nan na zuba da ɗan tuƙi kaɗan. Ba wanda ya musa, don abin da kowa ke son ji ke nan. Da shekara ta zagayo na sake cewa a bari. Daga nan ba wanda ya ƙara tambaya. Ban taɓa cewa a daina yasa ba, Hamisu, ko sau ɗaya. “A bari bana” kawai na ce, kuma ita ta kashe gayyar.

Ga abin da nake so ka ɗauka daga nan. Za ku riƙa shiga ƙauyuka da babbar mota da injin haƙa, ranar da ruwa ya ɓullo za a yi ta guɗa ana sa muku albarka. A ranar, ka ja matasan garin gefe ka tambaye su inda suke sha kafin zuwanku. Ka je ka leƙa wurin da idonka. Ka ce musu kada su bar shi, don inji yana lalacewa, mai gyara kuma ba a garin yake kwana ba. In tsoho irina ya faɗa, za su ce tsufa ne. Kai da ka zo da hular kwano a ka, za su saurare ka.

Famfon namu bai daɗe ba ya fara wasa da mu. Yau roba ta cinye, gobe sanda ta karye, har wata bazara ya tsaya cak. Gari duka ya juya Rijiyar Gabas da guga a hannu, aka tarar da laka ta kusa shanye ta. Abin da ya kamata in yi a lokacin shi ne in sa a yi shela, in dawo da gayya kamar da. Ban yi ba. Kunya ta hana ni, don ni na ce a bari. Sai na kira aminina marigayi Ɗan'asabe, Allah ya jiƙansa, ni a ƙasa shi a sama da jakinsa, muka yi ta fama mu biyu har muka buɗe idanun ruwa. Ranar da ruwa ya dawo, duk inda na bi sai “sannu Idi, Allah ya biya.” Zan faɗa maka gaskiya, abin ya yi mini daɗi. Daɗin ne ya sa duk lokacin da rijiyar ta buƙaci yasa bayan nan, mu biyun muke yi.

Yayyenka suna tasowa suna zuwa bakin rijiya su leƙa, ni kuwa daga ƙasa sai in daka musu tsawa, “Ku matsa, za ku zubo mini ƙasa a ka.” Yayanka Sani ya taɓa roƙona in bar shi ya sauka ko rabi ne. Na ce ba aikin yara ba ne, lokacin kuwa gemu ya fara fito masa. Bai sake tambaya ba. Ga shi can yanzu yana jigilar kaya a babur tsakanin Mai'adua da ƙauyukan iyaka, in ka ce masa idon ruwa sai ya tambaye ka wane iri ne. Na ce wa kaina tsoron kada wani abu ya same su nake yi. Akwai tsoron, ban musa ba, amma akwai son a ce sai Idi.

Saboda haka, duk abin da ka koya a wurin maigidanka, kada ka rufe shi a cikinka. In kun gama kafa famfo a gari, kada ku tafi sai ka zaunar da samari biyu ko uku ka nuna musu yadda ake kwance shi, abin da ke saurin lalacewa, da abin da za su iya gyarawa ba sai sun jira ku ba. In akwai 'yan mata masu sha'awa, har su, don su ne ke bakin famfon kullum, su ke fara jin in ƙararsa ta sauya. Wataƙila wani a cikin abokan aikinka ya ce kana rage musu kasuwa. Ka bar shi da maganarsa. Ni na riƙe nawa sanin ni kaɗai, ga shi yau garin nan cike da majiya ƙarfi amma ina bin mutum ɗaya da takarda har Katsina.

Kuskure na uku shi ne ya fi ci mini rai, don an gargaɗe ni na yi dariya. Ka san kusurwar gonarmu ta arewa da rijiya, inda gero ke kwantawa in ruwa ya yi yawa? Da can kududdufi ne. Nan mutane ke haƙar ƙasar gini, da damina ya cika, ya riƙe ruwa har bayan kaka. Akwai gawo da kanya da wata ƙatuwar marke a gefensa. Ni kuwa abin da nake gani kawai shi ne fili yana zaune banza a jikin gonata, ga sauro, ga kukan kwaɗi. Na nemi izini aka ba ni, na sare itatuwan, na yi ta jibga shara da ƙasa har na daidaita wurin. Ka san mu, manomin kirki a wurinmu shi ne wanda in ya gama sassabe gonarsa take tas kamar tsakar gida, ko tsiron itace ɗaya babu. Ni kuma ina so a ce Idi manomi ne.

Ina cikin aikin, Iya Tabawa, wata tsohuwa mai sayar da daddawa da ba ka riske ta ba, ta tsaya da sandarta ta daɗe tana kallona. Ta ce, “Idi, in ka rufe wannan, rijiyar a ina za ta sha?” Na ce, “Iya, rijiya ake sha, ita ba ta shan komai.” Ta ce, “To, Allah ya ba mu rai.” Ta wuce abinta.

Shekarar farko na samu ƙarin dammunan gero, na ji daɗi. Bayan 'yan shekaru sai muka lura rijiyar na ja da baya tun sanyi bai gama fita ba. Mata suka fara ƙulla ƙarin igiya a guga. Aka ce ƙarancin ruwan sama ne, kuma akwai wannan. Amma ni da nake sauka na san abin da hannuna ya taɓa. Idanun da ke ɓangaren arewa, wajen kududdufin, su ne da suka fi ƙarfi, su ne kuma suka fara bushewa. Ban faɗa wa kowa ba a lokacin, na dai daina bi ta ƙofar gidan Iya Tabawa.

Can za a koya maka wannan da Turanci da zane a allo, ni da hannu na koya. Ruwan da injinku zai zuƙo ba inji ne ya yi shi ba. Ruwan sama ne da ya samu wurin tsayawa ya nutse a hankali. In kowa ya cike kududdufinsa, ya sare itacensa, ya shafe tsakar gidansa da siminti, ruwan zai bi kwata ya wuce, ku kuma ku yi ta ƙara zurfi kuna neman abin da ba a ajiye ba. In ka ga matasa na shirin cike wani rami mai tara ruwa don su yi filin ƙwallo ko shago, ka tambaye su ko akwai rijiya kusa. In sauro ne damuwarsu, a gyara bakin ramin a daina zuba masa shara.

Ni dai na fara gyara tawa ɓarnar. Na ce wa mai unguwa na mayar wa gari wannan kusurwar, duk mai son ƙasar gini ya je ya haƙa. Kuma tun da na raka Sani tsallaken iyaka na ga yadda manoman can ke yin sassabe, na sauya hannu. Su ba sa tumɓuke kututture. In ya yi toho sai su zaɓi reshe mai ƙarfi su bari, su rage sauran, shekara kaɗan ya zama itace ba tare da an dasa ko an yi ban-ruwa ba. Shi ya sa ka ga gonarmu da 'yan itatuwa barkatai, har abokanka na tsokanarka wai babanka ya tsufa ya kasa sassabe. Na ji su, ba kurma ba ne ni. In ka dawo ka tarar da itatuwan, kada ka sa musu gatari don ka burge ni.

Na ƙarshe kai ma ka shaida shi, sai dai ba ka san yadda aka yi ba. Bayan an kafa burtsatse mai sola da babban tanki, gari ya sake juya wa rijiya baya. Masu jan ta kullum sai Buba makiyayi da 'ya'yansa, da rani suna cika komi suna shayar da shanu safe da yamma. Wata rana shanun suka kutsa cikin rogon da na dasa kusa da wurin suka yi mini ɓarna. Buba ya zo har gida ya ba da haƙuri, ya ce a kimanta. Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni, na wuce wurin mai unguwa na dage sai an hana su shayarwa a nan. Aka hana. Ranar da zai tashi, Buba ya same ni a bakin rijiya ya ce, “Malam Idi, mu muna da inda za mu. Amma in mun daina jan ruwan nan, wa zai ja? Ku kun koma tanki.” Na ce wannan ba matsalarsa ba ce.

Ashe jan da suke yi shi ke sabunta ruwan. Da aka daina, ruwan ya kwanta ya yi kore, ya fara wari. Da ya fara wari sai mutane suka ga ai ba rijiya ba ce kuma, rami ne. Wannan ya jefa leda, wancan ya jefa matacciyar kaza. Rogon da na yi faɗa a kansa ko shekara bai ƙara ba na cire shi, don bai karɓi wurin ba.

Abin da zan ce maka a nan gajere ne. In rai ya ɓaci a kan ruwa, kada ka yanke hukunci a ranar. Kuma kafin a kori wani daga mashaya, a duba me zuwansa ke yi wa wurin. Za ka tarar da irin wannan rigima a kusan duk garin da za ku je, manomi da makiyayi a bakin famfo ɗaya. Kada ka ɗauki ɓangare don wani ya ba ka masauki. Na haɗu da Buba a kasuwar dabbobi ta Mai'adua bayan sallar layya, yanzu yana wajen Baure. Na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce tuntuni. Ya kuma ce in an yi shelar yasa in aika masa, zai turo 'ya'yansa su ja laka.

Yanzu dubi inda muke. Kada ka ce ina ƙin burtsatse, wallahi ba na ƙinta. Ta hutar da Innarka da ƙannenka, ruwanta kuma ya fi tsabta. Ina alfahari da sana'ar da ka zaɓa, na faɗa a gaban mutane. Amma kai ma ka san in bazara ta yi, kafin azahar tanki ya ƙafe, jarkoki su yi layi har bakin masallaci. Ka san lokacin da injin ya ƙone aka yi kwanaki ana sayen ruwa daga Sandamu a amalanke, gidan da ba shi da hali kuma ya sha na tafki, yara suka yi ta gudawa. Da Rijiyar Gabas na da rai, da ko wanki da shayar da dabbobi ta ɗauke wa tankin, ranar da inji ya tsaya kuma a tafasa nata a sha. Abin kunya ne ma a ce mu mutanen ƙasar Daura, da duk baƙon da ya zo rijiya muke fara kai shi ya gani, mu ne za mu cike tamu da hannunmu.

Ku ma matasa kuna da naku laifin. Kan famfon da ke gefen tanki wata nawa ke nan yana zuba, kowa ya wuce ya tsallake taɓon. A nan kuke wanke babura da tiyo, har da kai, na gan ka da na Sani kana ta feshi kamar mai wankan doki. Ruwan da ke malala a wurin, da an yi masa 'yar hanya zuwa bayan makaranta, da ya rayar da zogale da darbejiya masu yawa. Ba ku rasa ƙarfi ba, ba ku rasa haɗin kai ba. Ranar da za ku gyara filin ƙwallo, kai ka yi kira a waya, kafin hantsi samari sun cika wurin da fartanya da kwando. A zamanina da shela muke tara mutane, kai da yatsa ɗaya kake yi. Har yau ba a kira su don ruwa ba ne kawai, kuma in ka kira za su zo.

Dalilin da ya sa na nace a kanka kuwa, ranar tunkiyar liman ne. Da aka rasa mai sauka ya ɗaure ta, kai ka tuɓe riga ka karɓi igiya. Ina tsaye ina kallon ƙafafunka. Ba wanda ya nuna maka ramukan bango, amma ƙafarka ta nemo su ɗaya bayan ɗaya, ba ka yi gaggawa ba, ba ka kalli sama ba. Da ka fito kana ta tofar da yawu kana zagin warin, ni kuwa na koma gida na ce wa Innarka ashe gidan nan bai rasa mai sauka ba. Ban faɗa maka ba, don ban saba yabon ɗa a gabansa ba.

Ga roƙona. Ban ce ka bar aikinka ba. Tun yanzu ka gaya wa maigidanka cewa in zafi ya tsananta, kafin hadari ya fara haɗowa, kana da uzuri a gida na 'yan kwanaki. Mutumin da ke neman ruwa a ƙasa zai gane. Ka kira abokanka, Buba ya turo nasa, mata sun ce fura tasu ce. Kai ka sauka, amma kada ka sauka kai kaɗai har a gama. Ka fito, wani ya shiga, shi ma ya fito wani ya shiga, har a samu samari da yawa da suka taɓa idon ruwa da hannunsu. Ni zan zauna a baki in faɗa muku abin da na sani duka, ba zan rage komai ba.

Abu biyu kada ka yi wasa da su. Fitila tukuna kafin mutum, ko da an yi maka dariya an ce tsohon yayi ne, ballantana rijiyar da ta daɗe a kwance. Sannan na san ku, wani zai ce a zura injin ban-ruwa cikin rijiya a zuƙe ruwan a huta. Injin ya tsaya a sama, nesa da baki, tiyo kawai ya shiga. Hayaƙinsa in ya taru a ƙasa ba ya fita, mutum ba ya jin komai sai dai jiki ya saki. Mun sha jin inda na farko ya faɗi, na biyu ya bi shi don ya ɗauko shi, shi ma bai fito ba. In wani ya faɗi a ciki, da igiyar ƙugunsa za a jawo shi, ba mai bin sa.

Saura magana ɗaya, kuma gara ka ji ta daga bakina. Da na roƙi dattawa su ba ni lokaci, mai unguwa ya tambaye ni a gaban kowa, “In yaron bai zo ba fa?” Na ce ni zan sauka. Ba don in tsorata ka na faɗa ba, kuma ba don haka nake rubuta maka ba. Na riga na faɗa a gaban mutane, kuma ni na jawo wa rijiyar nan abin da ya same ta, ba zan zauna a inuwa ina kallo ana zuba mata ƙasa ba. Shekaranjiya da hantsi na je na gwada, na sa yaron liman da wani suka riƙe mini igiya. Ban yi nisa ba gwiwar hagu ta fara rawa, numfashi ya yi mini wuya, na fito na daɗe a zaune kafin in iya tashi. Amma na lura in na huta a kowane rami, zan iya kaiwa ƙasa. Fitowar ce ban tabbatar ba.

Innarka ta samu labari kafin in iso gida. Ba ta yi mini faɗa ba, ta ajiye mini ruwa ta koma ɗaki. Ɗazu da ta ga ina rubutu ta zo ta tsaya a kaina, ta ce, “Hamisu kake rubuta wa?” Na ce shi ne. Ta ce, “To ka rubuta masa ni ba ruwana da rijiyarku, ku cike ta ko ku bar ta. Ka dai ce masa na zauna da kai shekara da shekaru, ban taɓa ganin ka faɗi abu a gaban mutane ka fasa ba. Shi ke nan saƙona.” Na ce zan rubuta yadda ta faɗa, ga shi na rubuta.

Allah ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da na hanya, ya ba ka haƙuri da maigidanka, ya sa albarka a abin da za ka koya. Ka riƙe salla a kan lokaci ko kuna daji. Allah ya kai mu bazara da rai da lafiya, ya sa ruwan shuka ya same mu mun gama.

Ni ne mahaifinka,
Idi